Shin Batun Zubar da Ciki Shi Kaɗai Ne Zai Yanke wa Kirista Wanda Zai Zaɓa?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni mai bi ce, kuma na gaskata cewa zubar da ciki ɗaukar rai ne. A zaɓen da ke tafe akwai ɗan takarar da ke cewa zai yaƙi zubar da ciki, amma halinsa da yadda yake ɗaukar talakawa da baƙi ba su kwanta mini ba. Abokin takararsa ya fi shi riƙon amana a ganina, sai dai yana goyon bayan a halatta zubar da ciki. Wasu 'yan'uwa a ikilisiya sun ce duk Kiristan da ya zaɓi na biyun yana da hannu cikin jinin jarirai. Shin wannan batu ya fi duk sauran batutuwa ne, har ya zama shi kaɗai zai yanke mini hukunci?"

'Yar'uwata cikin Almasihu, na karanta tambayarki sau biyu kafin in fara rubutu, domin irin tambayar ce da gajeriyar amsa take cutar da mai yin ta. Idan na fahimce ki, kina so ki sani ko girman laifin zubar da ciki ya kai ya rufe bakin duk wani dalili a ranar zaɓe. Akwai tambayoyi uku da suka sarƙe a cikin wannan guda ɗaya: mene ne zubar da ciki a gaban Allah, me ya kamata dokar ƙasa ta yi a kansa, sannan wane mutum ne za a danƙa wa wata kujerar mulki na tsawon wasu shekaru. Na daɗe ina koyar da ɗa'ar Kirista ga masu shirin aikin fasto, ina kuma zama da iyalan da wannan al'amari ya shiga gidansu, kuma na lura cewa yawancin rigimar da ake yi a ikilisiya tana tasowa ne idan mutum ya ɗauki tabbacin da yake da shi a kan tambaya ta farko ya ɗora shi kai tsaye a kan ta uku, kamar babu wani zango a tsakani.

Zan faɗi matsayina tun yanzu domin ki san daga inda nake magana. Na gaskata cewa ɗan da ke cikin mahaifa mutum ne, kashe shi da gangan zunubi ne mai girma, kuma batu ne da ya cancanci sahun gaba a lissafin mai zaɓe. Matsayin ɗan takara a kansa yana iya zama dalilin da zai hana ki ba shi ƙuri'arki. Amma wannan matsayi shi kaɗai bai isa ya wajabta miki ki ba abokin hamayyarsa ba.

Abin da ikilisiya ta gada

Littafi Mai Tsarki bai ambaci zubar da ciki da sunansa cikin wata doka ba, kuma ya kamata mu faɗi hakan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Koyarwar ta ginu ne a kan yadda Nassi yake kallon wanda ba a haifa ba tukuna. Farawa 1:27 ta ce an halicci mutum cikin siffar Allah, Farawa 9:6 kuma ta ɗora haramcin zub da jini a kan wannan siffa. A Zabura 139 mai waƙa yana yabon Allah da ya harhaɗa shi a cikin mahaifiyarsa, Irmiya ya ji Ubangiji yana ce masa ya san shi tun kafin ya siffata shi a ciki, a Luka 1 kuwa jaririn da ke cikin Alisabatu ya motsa don murna da jin gaisuwar Maryamu. Akwai nassi guda da ake jayayya a kansa, wato Fitowa 21:22-25, game da mace mai ciki da aka buge ana faɗa: masana sun rarrabu a kan ko ana maganar ɓari ne ko haihuwa kafin lokaci, tsohuwar fassarar Helenanci kuma ta bambanta tayin da ya siffatu da wanda bai siffatu ba.

Masu bi na farko ba su yi shakka a aikace ba. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya hana kashe yaro ta hanyar zubar da ciki, ya kuma hana kashe shi bayan an haife shi, a zamanin da yar da jarirai ba abin mamaki ba ne a daular Rum. Daga baya manyan malaman ikilisiya Agustin da Toma Akwinas sun ɗauka cewa rai na mutuntaka yana shiga tayi ne bayan wasu makonni, bisa ilimin halitta na zamaninsu, amma dukansu biyu sun ɗauki zubar da ciki laifi ne a kowane mataki. A yau ikilisiyar Katolika da ta Otodoks da mafi yawan ikilisiyoyin bishara suna kan wannan matsayi, ko da yake akwai wasu tsofaffin ɗariƙun Furotestan a Turai da Amurka da suka sassauta. A tambaya ta farko, ke nan, kina tsaye a kan ƙasa mai ƙarfi.

Yadda ya zama ma'aunin ƙuri'a

Ra'ayin cewa wannan batu shi ne ma'aunin ƙuri'ar Kirista sabo ne idan aka kwatanta da koyarwar kanta, kuma a Amurka ya fi samun siffar da muka san shi da ita. A 1971 babban taron Baftis na Kudu, ɗariƙar Furotestan mafi girma a ƙasar Amurka, ya zartar da ƙuduri da ke neman a ƙyale zubar da ciki a wasu yanayi, har da fyaɗe da barazana ga lafiyar uwa. A Janairun 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin shari'ar Roe da rinjayen alƙalai bakwai da biyu, ta mayar da zubar da ciki haƙƙi ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Da farko Katolika ne suka fi ɗaga murya. Sai a ƙarshen shekarun 1970 ne masu bishara suka shigo da ƙarfi, ta hanyar koyarwar mutane irin su malamin tauhidi Francis Schaeffer da kuma ƙungiyar siyasa da Fasto Jerry Falwell ya kafa a 1979, daga nan batun ya manne da jam'iyyar Republican.

Ban kawo wannan tarihi don in rage wa batun daraja ba. Ikilisiya tana iya farkawa a makare a kan abin da yake gaskiya tun asali, kamar yadda ta yi a kan cinikin bayi, inda William Wilberforce ya shafe kusan shekara ashirin yana fama a majalisar Ingila kafin a haramta cinikin a 1807. Masu cewa zubar da ciki shi ne babban batu suna da hujja mai nauyi: haƙƙin rayuwa shi ne tushen sauran haƙƙoƙi, wanda ake kashewa ba shi da bakin kare kansa, yawan kuma ya wuce misali, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana zubar da ciki kimanin miliyan 73 kowace shekara a duniya. Duk wanda ya gaskata cewa waɗannan rayuka ne na mutane ba zai jera wannan batu kusa da gardamar haraji ya ce nauyinsu ɗaya ba. Karin Magana 24:11-12 ta umarce mu mu ceci waɗanda ake kai wa ga mutuwa, ta kuma toshe mana hanyar cewa ba mu sani ba.

Nauyin batu daban, ikon kujera daban

A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Idan aka kawo batun kansa a ƙuri'ar raba gardama, kamar yadda aka yi a Ailan a watan Mayun 2018, inda kimanin kashi biyu cikin uku suka amince a cire kariyar da aka sa wa ɗan tayi a kundin tsarin mulki tun 1983, to ƙuri'arki tana magana ne kai tsaye a kan dokar, kuma ban ga wata hanya ga mai bi ba sai ya tsaya wa rai. Zaɓen ɗan takara wani abu ne dabam. Kina ɗaukar mutum sukutum ne, da halinsa da abokan tafiyarsa da duk manufofinsa, ki ɗora shi a kan kujerar da take da iko a kan wasu abubuwa, ba ta da shi a kan wasu. Kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ba ya rubuta dokar laifuffuka. Ɗan majalisar dokoki yana iya rubutawa. Shugaban ƙasa a wasu ƙasashe yana naɗa alƙalai, a wasu kuwa ba ruwansa da wannan. Idan doka ta riga ta hana zubar da ciki a ƙasa, kuma babu wani yunƙuri na gaske na sauya ta, alkawarin ɗan takara na yaƙar zubar da ciki yana iya zama romon baka kawai, abin da ba zai ci masa komai ba, ya kuma samo masa ƙuri'un majami'u.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna ɓangarorin biyu. Ƙuri'a ta yi aiki: alƙalai uku da Shugaba Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs ranar 24 ga Yuni, 2022, kuma fiye da jihohi goma suka hana zubar da ciki kusan gaba ɗaya. Amma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Alƙalin da ya rubuta hukuncin Roe shugaba ɗan Republican ne ya naɗa shi, haka ma alƙalai ukun da suka rubuta hukuncin 1992 da ya tabbatar da ginshiƙin Roe. Bayan Dobbs kuma tsugune ba ta ƙare ba. Masu zaɓe a jihar Kansas a 2022 da Ohio a 2023, jihohin da suka zaɓi Trump, sun kaɗa ƙuri'a don kare damar zubar da ciki. Cibiyar Guttmacher, wadda take goyon bayan wannan dama amma ɓangarorin biyu suna amfani da alƙalumanta, ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki fiye da miliyan ɗaya a Amurka a 2023, sama da kimanin 930,000 na 2020, kuma kusan kashi 63 cikin ɗari ta hanyar shan ƙwayoyi ne, waɗanda ake iya aikawa ta gidan waya. Kafin nan adadin ya yi ta sauka daga kimanin miliyan 1.6 a 1990, ƙarƙashin shugabannin jam'iyyun biyu, Republican da Democrat. A 2024 kuma jam'iyyar Republican, wadda ta daɗe tana riƙe da tutar, ta cire kiran hana zubar da ciki a matakin tarayya daga kundin manufofinta.

Ba ina cewa doka ba ta da amfani ba ne. Doka tana koyar da al'umma abin da ke da daraja, kuma akwai yaran da suke raye yau domin ta tsaya musu. Sai dai doka ita kaɗai, idan aka bar mace cikin talauci da tsoro, tana iya haifar da wata ɓarna. A Romaniya an hana zubar da ciki da tsanani daga 1966 zuwa 1989 domin gwamnati tana son yawan jama'a, aka kuma taƙaita hanyoyin tsarin iyali. Dubban mata suka mutu a hannun masu zubarwa a ɓoye, gidajen marayu suka cika da yaran da ba mai kula da su. Kiristan da ya damu da rai dole ya damu da yadda aka rubuta dokar, musamman ko ta bar wa likita fili ya ceci uwa idan ciki ya zauna a wajen mahaifa ko ɓari ya zo da zubar jini. Waɗannan lamura ne na likitoci, kuma aikina a matsayin malamin ɗa'a ya tsaya ne ga cewa ceton ran uwa a irin wannan hali ba shi ne zunubin da muke magana a kai ba.

Batun hannu cikin jini

Maganar da 'yan'uwa suka faɗa miki tana da nauyi ƙwarai, kuma na ga ya dace in amsa ta da abin da ikilisiyar da ta fi kowa tsauri a kan wannan batu ta faɗa, ko da ke ba Katolika ba ce. A 2004 Kadinal Joseph Ratzinger, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 16 a shekarar da ta biyo, ya rubuta wa bishop-bishop na Amurka cewa wanda ya zaɓi ɗan takara saboda goyon bayansa ga zubar da ciki ya yi tarayya cikin mugunta. Wanda kuwa bai yarda da wannan matsayi ba, amma ya zaɓe shi don wasu dalilai, tarayyarsa ta nesa ce, kuma tana iya halatta idan dalilan sun kai nauyin da zai daidaita. Bishop-bishop na Amurka da kansu, a wasiƙar da suka amince da ita a 2019, sun kira barazanar zubar da ciki babban abin da suka fi ba fifiko, amma takardar jagorarsu ga masu zaɓe ta ce Katolika ba masu zaɓe a kan batu guda ba ne: matsayi ɗaya yana iya fitar da ɗan takara daga lissafi, amma ba ya tabbatar masa da ƙuri'a. A Satumbar 2024 aka tambayi Fafaroma Francis game da 'yan takarar shugabancin Amurka biyu, ya ce dukansu suna gaba da rai, ɗaya ta hanyar korar baƙi, ɗaya ta hanyar zubar da ciki, ya kuma ce kowa ya zaɓi mafi sauƙin sharri bisa lamirinsa.

Kalmar da ke ɗauke da nauyin maganar ita ce daidaitawa, kuma a nan nake jan kunnen ɗaya ɓangaren. Na sha jin masu bi suna fakewa da cewa akwai batutuwa da yawa, alhali a zuciyarsu ɗan tayi ba ya cikin lissafi ko kaɗan, jam'iyya ko ƙabila ko aljihu ne ya riga ya yanke hukunci. Ƙarin albashi ko rage haraji bai kai ya daidaita da rai ba. Abin da zai iya daidaitawa shi ne abin da shi ma ya shafi rai ko tushen adalci: yaƙin zalunci, kisan jama'a da ake kau da kai a kansa, tsananta wa masu bi, satar dukiyar asibitoci har mata suna mutuwa wajen haihuwa, ko mutumin da zai rushe shari'a da zaɓe, har gobe ba a sami hanyar gyara kowace doka ba. Matiyu 25 ta jera mayunwaci da baƙo da mara lafiya da ɗan kurkuku a matsayin waɗanda za a tambaye mu game da su, kuma ba na ganin ikilisiya tana da izinin ta ɗauki ɗan tayi ta ajiye su, ko ta ɗauke su ta ajiye shi.

Abin da na gani a ɗakin shawara

Shekaru da suka wuce wata yarinya mawaƙiya a ikilisiya ta zo wurina bayan ta riga ta zubar da ciki. Na tambaye ta dalilin da ya hana ta zuwa tun kafin nan. Ta ce ta san abin da za a yi mata: za a dakatar da ita a gaban jama'a, mahaifinta zai kore ta, saurayin kuwa, wanda shi ma ɗan ikilisiya ne, zai ci gaba da zama a kujerarsa. Ta san koyarwarmu sarai, ta ji wa'azi a kanta sau da yawa. Tsoronmu ne ya fi ƙarfin koyarwar a zuciyarta. Tun daga ranar ban sake iya yin magana a kan wannan batu kamar matsala ce ta waɗanda ke waje ba. Binciken da aka yi a Amurka a 2014 ya nuna cewa fiye da rabin matan da suka zubar da ciki sun ce su Kiristoci ne, kusan kashi 60 cikin ɗari sun riga sun haihu, kashi uku cikin huɗu kuma matalauta ne ko masu ƙaramin samu. Idan muka hukunta macen muka ƙyale namijin, mun bar jaki muna dukan taiki, kuma mun ƙara wa ta gaba dalilin ɓoyewa.

Saboda haka idan ɗalibaina suka kawo mini irin tambayarki, nakan sa su bincika abubuwa kaɗan kafin su yanke. Ko kujerar da ake takara a kanta tana da iko a kan wannan doka da gaske? Me ɗan takarar ya aikata a baya, ba abin da ya faɗa a gaban fastoci ba? Mutumin da aka san shi da ƙarya a kan wasu al'amura, da wane dalili za a gaskata alkawarinsa a kan wannan? Shi kuma mai goyon bayan halattawa, ra'ayi ne kawai yake riƙe da shi, ko kuwa ya sa faɗaɗa dokar a gaba, yana kuma da ƙarfin majalisa da zai cim ma hakan? Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu tana da faɗi. Idan na biyun ne, to a ganina dalilin da zai sa mai bi ya ba shi ƙuri'a dole ya zama mai tsanani ƙwarai, kuma wanda ya zaɓe shi ya ɗauki bashin ƙalubalantarsa a fili a kan wannan batu bayan ya hau.

Ki kuma tuna cewa 'yan takara biyun nan ba su ne iyakar abin da ke gabanki ba. Kina iya zaɓar ɗan takara na uku wanda lamirinki ya natsu da shi ko da ba zai ci ba, kina iya barin wannan gurbi ki kaɗa ƙuri'a a sauran kujeru, musamman na majalisa, inda ake rubuta dokokin. Ni kaina na taɓa yin haka sau ɗaya, kuma ban ji daɗinsa ba, domin na san wani ne zai hau ko da ban zaɓe shi ba.

Ba zan faɗa miki sunan wanda za ki zaɓa ba, domin fasto ko malami ba shi da wannan iko a kan lamirin mai bi, kuma ke ce kika san mutanen nan biyu da ƙasar da za su mulka. Game da 'yan'uwan da suka yi miki maganar jini, ina roƙonki kada ki ɗauke su abokan gaba, domin kishin rai ne ya motsa su, kuma kishi ne mai kyau. Ki zauna da su, ki gaya musu cewa kun yarda a kan abin da zubar da ciki yake, saɓaninku yana kan wanda za a amince wa da mulki ne, kuma Romawa 14 ta hana mu yanke wa bawan wani hukunci a kan abin da Nassi bai yanke ba. Sannan ki tambaye su, da ladabi, wane tanadi ikilisiyarku ta yi wa yarinyar da za ta zo gobe da ciki ba aure: wa zai raka ta wurin iyayenta, wa zai biya kuɗin awo da haihuwa, wa kuma zai je ya kira yaron da ya yi mata cikin.